Ƙaramin firij ɗina na mota ya daina sanyi, mai gyara ya ce gas ne, in bari a yanka bututun?

Abban Husna: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin firij ku ba ni shawara kafin in yi aikin da na sani. Ina da ƙaramin firij irin na tafiya ɗin nan mai kama da akwati, murfinsa ta sama ake buɗewa, zai ci lita 35 haka, yana aiki da batirin mota yana kuma aiki da wutar gida. Gadonsa na yi wajen kawuna Allah ya jiƙansa, shi kuma turawan da ya yi wa direba lokacin da suke yawon haƙa rijiyar burtsatse ne suka bar masa, to kun ga ba yaro ba ne, a hannuna kaɗai ya shekara tara. Sunan kamfanin ma ya goge a jiki, amma a kan tukunyar baya, wato kwamfireso mai tura gas, an rubuta Danfoss BD35F da irin gas ɗinsa R134a.

Sana'ata rigakafin kaji nake kai wa masu kiwo, Lasota ta cutar Niyukasul da kuma ta Gumboro, daga nan Gombe zuwa Malam Sidi, Kwami, Bojude, wani lokaci har Dukku. Da can in na sa shi a digiri 4 yana nan a 4 ko da rana ta take. Yanzu kusan wata biyu kenan a gida da daddare yakan sauka 9 ko 10, da rana kuwa 15 ma sai da ƙyar. A mota abin ya fi muni, sai ya tashi ya yi ƙugi kaɗan ya ce ƙet ya mutu, bayan minti ɗaya ya sake. Na kai wa wani mai gyara ko buɗe bayan bai yi ba, tafin hannu kawai ya sa a ciki ya ce gas ne ya ƙare, in kawo dubu 18 ya yanka bututu ya sa bawul ya cika. Ni kuma jikina bai ba ni ba shi yasa na ɗauko kayana. In bari a yanka?

Dan Bolari: wslm. gas ne kawai malam, firij in yaki sanyi ai ba sai an tambaya ba, kaje a cika maka ka huta. namu na gida duk shekara sai mun kara masa

Injiniya Sale Pantami: Wa alaikumus salam. Abban Husna kar ka bari kowa ya taɓa bututun nan tukuna. Ɗan Bolari, gas ɗin firij ba fetur ba ne da ake ƙonawa ya ƙare, a rufe yake ruf yana zagayawa, firij zai iya shekara 20 da gas ɗin da ya fito da shi daga kamfani. In naku duk shekara sai an ƙara to yoyo yake yi kuma ba a taɓa toshe ramin ba, kuɗinku kawai ake ci.

Wannan BD35F ɗin tukunya ce mai ƙwari, ita ce a cikin firij ɗin motoci da jiragen ruwa da yawa, kamfanin Danfoss na Denmak ne ya yi ta, daga 2010 ɓangaren ya koma sunan Secop. Da wuya ta mutu haka kawai. Kuma abin da ka faɗa ciwo biyu ne ba ɗaya ba, rashin sanyi a gida daban, tashi da mutuwa a mota daban. Rashin gas ba ya sa firij ya ce ƙet ya mutu a mota amma ya yi ta aiki a gida.

Oga Habu Mai Firij: Injiniya da girmanka, amma shekarata 22 ina wannan aiki a Tudun Wada, firij ɗin da ya haura shekara 15 yana shan gargada a hanyar Dukku ka ce ba zai yi yoyo ba? Farantin cikin alminiyom ne, inda aka haɗa shi da bututun jan ƙarfe nan ne yake fara ci, ga girgiza tana tsaga walda. Goma in aka kawo min irinsa ba na rasa masu yoyo a ciki. Ku kuna karantawa a takarda mu muna gani da ido.

Injiniya Sale Pantami: Ban ce ba ya yoyo ba Oga Habu. Cewa na yi ba a farawa da shi. Wanda ko murfin baya bai kwance ba ta ina ya ga gas ɗin?

Sadiq Tumfure: Ni dai na taɓa ji an ce ka kife shi, ƙasa ta koma sama, ya kwana ɗaya a haka, washegari ka miƙar da shi ka kunna. Wai gas ɗin ne yake kwanciya. Wani abokina ya yi wa nasu kuma ya tashi wlh

Baba Garba Mai Ritaya: A'a ɗana Sadiq, kar ka sa yaron nan ya kashe firij ɗinsa. Maganar da ka ji gaskiya ce amma ba ta wannan firij ba ce. Ni na yi aikin ɗakin shan magani a ƙauye tun wajen 1984, lokacin ba wuta ba sola, firij mai kananzir muke ajiye allurar rigakafi a ciki, Electrolux. Shi ba shi da tukunya ba shi da ƙara ko kaɗan, ammoniya ce da ruwa a cikin bututu, wutar lagwani ce take dafa su su yi ta zagaye. Kullum da safe sai na duƙa na leƙa wutar, in shuɗiya ce lafiya, in ta yi ja tana hayaƙi sai a gyara lagwani a share bututun hayaƙin. Kuma dole ya zauna daidai, mukan ɗora faranti da ruwa a kansa mu ga ko ya karkata, in ya karkata sai a cusa masa ɓallin katako a ƙafa. To irin wannan ne in ya daɗe a ajiye ya ƙi sanyi muke kife shi ya kwana, ruwan cikin ya gauraya, wani lokaci ya tashi wani lokaci ya ƙi. In kuwa ka ji warin ammoniya ko ka ga wani gari rawaya a jikin bututun baya, to ya gama yawo, sai dai a yi kabad da shi.

Na Abban Husna mai tukunya ne, akwai mai a cikinta. Ka kife shi man ya gangara cikin bututu, ka ƙara wa Barno dawaki kenan.

Sadiq Tumfure: Allah ya ƙara girma Baba, na janye. Ashe na abokin nawa mai silindar gas ne, yanzu na tuna

Maman Walid: Sannunku. Ni ba gyara na iya ba amma aikina a asibiti ajiyar rigakafi ne, abin da ya tsaya min a rai shi ne 15 ɗin nan. Abban Husna rigakafi tsakanin 2 da 8 ake ajiye shi, na mutum ko na kaza. Wata biyu kana ɗaukar Lasota a 15 a mota, anya abin da kake zuba wa kajin mutane a ruwa yana da sauran rai kuwa? Namu na yara akwai ɗan tambari a jikin kwalbar, murabba'i a cikin da'ira, in ya sha zafi sai ya yi duhu mu zubar. Naku ba lalle ka ga alamar komai ba, kwalbar tana nan kyakkyawa. Kafin a gama gardamar gas dan Allah ka koma kula da ƙanƙara.

Abban Husna: Hajiya kin taɓo inda yake min ciwo. Sati uku da suka wuce wata baiwar Allah a wajen Kwami da na yi wa kajinta 200 rigakafi ta kira ni tana kuka, sun fara sandarewa suna murɗe wuya suna zawo kore, kafin kwana huɗu ta kwashe fiye da rabi. Ban isa in rantse cewa maganina ne ya lalace ba don maƙwabcinta ma ya yi asara kuma ba ni na yi masa ba, amma tun ranar ban yi barci mai daɗi ba. Tun lokacin kula nake ɗauka da ledojin fiya wata daskararru, matsalar kafin azahar sun narke, ga ƙanƙara ta yi tsada in an kwana biyu ba wuta. Shi yasa nake son firij ɗin ya dawo.

Maman Walid: Allah ya mayar mata da alheri. Ka naɗe kwalaben a leda kar su zauna cikin ruwan, kuma in kana ɗaukar irin mai mai ɗin nan da ake yi da sirinji kar ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, shi daskarewa ce take kashe shi. Ka nemi ma'aunin zafi naka na kanka ka sa a kofin ruwa a ciki, kar ka dogara da lambar da firij ɗin yake nunawa kawai. Mu safe da yamma muke rubutawa.

Alhaji Bala Jekadafari: Ni fa ban ga abin wahala ba. Abu ya tsufa ka sayar wa 'yan gwangwan ka sayi sabo, ga su nan a kasuwa ƙanana masu fulogin mota, kuɗinsu bai kai abin da za ka kashe a gyara ba

Injiniya Sale Pantami: Alhaji waɗancan masu arhar yawancinsu ba firij ba ne, kula ce mai fanka. Ba tukunya ba gas, wani ɗan faranti ne da ake kira Peltier, in wuta ta bi ta cikinsa gefe ɗaya ya yi sanyi ɗaya ya yi zafi. Iyakar ƙoƙarinsa ya rage digiri 15 zuwa 20 daga zafin waje. A Turai da ake 22 sai ya ba ka 5 ka ce madalla. A Gombe watan Afrilu ana 40, cikin mota ya fi haka, zai ba ka ashirin da wani abu, wato ruwan randa. Kuma ba ya hutawa, batir yake sha tun safe har dare. Tsohon nan na Abban Husna ko a haka ya fi su. Masu tukunya na gaske irin su Engel da Dometic in ka ji kuɗinsu yanzu sai ka zauna.

Abban Husna ga abin da za ka yi yau, ba ka buƙatar kowa. Cire shi daga wuta, kwance murfin da ke gefen tukunyar, sukurori ne kawai. Za ka ga wani abu kamar ƙaramin lagireto da fanka a jikinsa, shi ne kwandensa, nan ne zafin da aka kwaso daga ciki yake fita. Duba ko ya toshe. Sannan ka kunna ka zuba wa fankar ido. Bayan minti goma ka taɓa bututun da ya fito daga tukunya zuwa kwandensa a hankali, in ya yi zafi sosai har ba ka iya riƙewa to akwai gas kuma tukunya tana turawa, zafin ne ya rasa hanyar fita. In kuwa tukunya tana ta ƙugi amma bututun ɗumi-ɗumi ko sanyi ƙalau, to maganar Oga Habu ta fara fitowa.

Oga Habu Mai Firij: Wannan gwajin daidai ne ban musa ba. Ka ƙara da wannan, ka kwashe komai, ka sa shi a mafi sanyi a wutar gida, ka rufe minti 40, ka buɗe ka ga inda raɓar ƙanƙara ta kama a bangon ciki. In ta zagaye ko'ina gas ya isa. In gefe ɗaya kawai ta kama kusa da inda bututu ya shigo sauran bango yana gumi, gas ya ragu ko siririn bututun ya fara toshewa. Ka ɗauko hoto mu gani, a nan za a san wa ya yi gaskiya

Dan Bolari: yau akwai kallo, injiniya da oga habu kamar Gombe United da Wikki

Musa Bauchi: Ku dai Gombawa tun da aka yanke ku daga jikinmu a 1996 komai naku sai an yi gardama, ku kawo shi Bauchi a gyara muku

Dan Bolari: kaji dan uwa, ku fara gyara Wikki tukun

Admin: Jama'a a tsaya kan firij dan Allah.

Abban Husna: Salam, na dawo. Wallahi kunya ta kama ni. Na kwance murfin bayan la'asar, abin da na gani ba kwandensa ba ne, bargo ne. Ƙurar hunturu da gashin kaza da ɓawon dusa sun haɗu sun yi kamar auduga, da yatsa na kama gefe na ɗago ta fito a haɗe kamar fatar tuwo. Ba wannan ne abin mamakin ba. Zanzaro ya yi gini har ɗaki uku a jikin fankar, ɗaya ya haɗe fiffiken da firam ɗin, na fasa na ga tsutsotsin da ya tara a ciki. Fankar ko motsi ba ta yi, na kankare ginin na juya da hannu tana ƙarar yashi tana tsayawa. Shekara tara ban taɓa buɗe wurin nan ba, kuma da damina a shagon dusa nake ajiye shi. Bututun kuwa kafin in share na gwada yadda Injiniya ya ce, saura kaɗan ya tashe min yatsa.

Maman Walid: Ikon Allah, zanzaro da ɗaki uku ko haya ba ya biya

Injiniya Sale Pantami: Alhamdulillah. Ka ga dubu 18 ɗin da za ka bayar a yanka lafiyayyen bututu. Ka share da tsohon buroshin haƙori a hankali kar ka lanƙwasa siraran faranta, in akwai mai faci kusa ya hura maka iska daga nesa. Fankar irin ta kwamfuta ce mai bolt 12, ka cire ta ka tafi da ita wajen masu gyaran kwamfuta su ba ka mai girmanta, ko ta tsohuwar fawa saflai ma ta yi. Abu biyu ka kula, kar ka ɗauko mai cin wuta da yawa, ka duba bayanta kar ta wuce rabin amfiya don akwatin lantarkin da ke jikin tukunyar yana yanke aiki in fanka ta ja fiye da ƙima. Sannan ka lura da inda tsohuwar take hura iska ka ɗaura sabuwar haka, mutane da yawa suna juya ta baibai.

Oga Habu Mai Firij: To na ji, fanka ta mutu. Amma bari in faɗa muku abin da ba a faɗa. Kuna zagin yaron da ya ce gas ne, ni ban san shi ba kuma bai kyauta ba da bai buɗe ba, amma ku ma masu kaya kuna da laifi. Mutum ya kawo firij in ɓata awa biyu ina bincike in gano zanzaro ne, in share in sa fanka, in na ce ya ba ni dubu biyar sai ya ce haba Oga don ka goge ƙura? Ya miƙo min ɗari biyar yana ganin ya yi min alheri. Amma in na ce gas, ya ga silinda ya ga wutar walda ya ga agogo yana motsi, zai biya ba musu. Ku kuka koya wa yara cewa ba a biyan sani sai an ga an ƙona wani abu. Ni da na ƙi yin haka ga shi nan shekara 22 ko shagon ba nawa ba ne.

Alhaji Bala Jekadafari: Wannan kam gaskiya ce mai ɗaci, ni kaina na yi

Injiniya Sale Pantami: Na yarda da kai ɗari bisa ɗari a nan, kuma Abban Husna in da Oga Habu ne ya gano maka ya ci kuɗinsa halak. Abin da yake ba ni tsoro da cikin gas a irin wannan ƙaramin shi ne yadda ake yinsa. Gas ɗin cikinsa gaba ɗaya 'yan giram ne, akasari bai wuce 40 zuwa 60 ba, adadin yana rubuce a takardar jikinsa. Giram goma sama ko ƙasa ya isa ya ɓata aikin, sai da sikeli. A nan kuma da ido ake yi, a yi ta turawa har bututu ya yi raɓa a ce ya ƙoshi. Ga shi ba a jan iska da injin bakyum, ba a canza diraya mai tsotse danshi a bututu, kuma man da ke tafiya da R134a yana shan danshi kamar gishiri, ka bar bututu a buɗe kaɗan ya sha, daga baya danshin ya daskare a bakin siririn bututu firij ya riƙa sanyi yana dainawa. Wasu ma R600a suke durawa don shi ne a hannu, alhali ba nasa ba ne kuma yana kama wuta. Har gas ɗin girki na ga an dura wa wani.

Oga Habu Mai Firij: Bakyum ina da shi. Sikelin ne babu, hannuna ne sikeli

Abban Husna: Jama'a an sa fanka, ta wata tsohuwar kwamfuta ce, da share-share da komai abin da na kashe bai kai dubu uku ba. A gida jiya cikin awa ɗaya ya sauka 5, na bi shawarar Hajiya na sayi ma'auni na sa a kofin ruwa, da safe ya nuna 5 firij ɗin yana nuna 4, ba laifi. Na yi gwajin Oga Habu ma, raɓar ta zagaye bango uku da rabi, kusurwa ɗaya ta wajen hannun dama daga sama ba ta kama sosai ba, faɗin tafin hannu haka. Amma a mota har yanzu yana nan da halinsa, in inji yana aiki ya ɗan daure, ina kashewa sai ƙet, ƙet, ga jar fitila.

Oga Habu Mai Firij: Kusurwar nan. Na faɗa muku. Ya fara raguwa

Injiniya Sale Pantami: Ko kuma minti 40 ɗin bai ishe shi ba, ko robar murfin tana shan iska ta wannan kusurwar tunda daga sama ne. Abban Husna ka sa takardar naira a bakin ka rufe murfin ka ja, ka zagaya da ita ko'ina, inda ta zare ba tare da ta riƙe ba nan ne ɓarakar.

Na mota kuma wuta ce ba ta isa. Akwatin tukunyar yana da mai gadin batir, in wutar da ta iso masa ta faɗi ƙasa da ƙima sai ya yanke don kar ka wayi gari mota ta ƙi tashi. Danfoss daga kamfani a bolt 10.4 yake yankewa ya dawo a 11.7, amma masu haɗa firij da yawa sun sa maɓalli mai hawa uku, na sama yana yankewa tun wajen 11.8. Lokacin da tukunya za ta tashi tana fizgar wuta, in wayar siririya ce ko soket ɗin laita ya saki, sai wutar ta faɗi a hanya, akwatin ya ɗauka batir ne ya mutu ya yanke, da ya yanke wuta ta dawo daidai, ya sake gwadawa. Ƙet ɗin da kake ji kenan. Ka je wajen mai rewaya da mita, ya auna a kan batir, sannan ya auna a bakin firij ɗin daidai lokacin da yake ƙoƙarin tashi, ba lokacin da yake kashe ba, nan mutane suke ruɗewa. In kana son tabbaci akwai ƙafa mai alamar D a akwatin, ana haɗa ƙaramin kwan LED tsakaninta da ƙaramar +, ƙiftawa ɗaya wuta ta yi ƙasa, biyu fanka, uku tukunya ta kasa tashi, huɗu ta kasa riƙe gudu, biyar akwatin ya yi zafi.

Dan Bolari: injiniya wannan ai karatu ne, ni na sauka a nan

Abban Husna: Na je wajen mai rewaya a tashar Dukku. A kan batir 12.5, a bakin firij lokacin tashi yana faɗowa 10.9. Da ya warware salatif ɗin da ke tsakiyar wayar sai ga shi ashe rabin ta wayar lasifika ce, kuma ni na yi wannan aikin da hannuna bara da ɓera ya ci ta asalin, na ma manta. Fulogin laitar kuma bakinsa ya yi baƙi robar ta ɗan narke. Ya ja min sabuwar waya mai kaurin mil 4 kai tsaye daga batir, ya sa fiyus 15 kusa da kan batirin, muka jefar da fulogin. Maɓallin ma a na sama yake, na mayar tsakiya. Tun daga nan bai ƙara cewa ƙet ba. Takardar naira kuma ta zare salin alin a kusurwar nan ta dama, robar ta taushe ta bushe. Na jiƙa tsumma da ruwan zafi na gasa ta na shafa man basilin, ta ɗan taso, yanzu tana riƙewa amma ba kamar sauran ba.

Baba Garba Mai Ritaya: Madalla. Sai ka kiyaye batirin, tunda ka ja kai tsaye in ka manta shi a kunne mota a kashe kwana biyu za ka nemi masu turi. Kuma ka daina cusa shi a but cikin buhunan dusa, ka bar masa tazarar hannu ta wajen fankar ya sha iska, ka rufa masa farin buhu ko bargo daga sama in rana tana dukansa.

Maman Walid: Kuma ka tambayi masu sayar maka ko suna da rigakafin I-2 ta cibiyar binciken dabbobi ta Vom, ita ta fi Lasota jure zafi, don kajin gida na ƙauye aka fi amfani da ita. Ba wai a bar ta a rana ba, amma in irin haka ta sake faruwa a hanya asarar ba za ta kai haka ba.

Abban Husna: In sha Allah Hajiya zan tambaya. Yau na je Bojude na dawo, na rubuta kamar yadda kika ce. Ƙarfe 7 da na tashi 4, ƙarfe 11 a Kwami 4, ƙarfe 2 mota tana tsaye a rana ina cikin gona 6, da na dawo gida 4. Na biya ta wajen baiwar Allah ɗin nan na gaya mata abin da na gano game da firij ɗin, ta yi shiru ta ce Allah ya riga ya ƙaddara, na ce duk da haka in ta zuba sababbi rigakafinsu a kaina har su tashi. Na gode ƙwarai jama'a, Injiniya, Oga Habu, Baba, Allah ya saka da alheri.

Oga Habu Mai Firij: Amin. Amma kar a yi saurin kaɗa ganga, yanzu ƙarshen Fabrairu ne da sauran iska. 6 a rana yau, bari Afrilu ta shigo. Ka sa alama da biron maka a inda raɓar ta tsaya a kusurwar nan, duk sati biyu ka sake gwajin. In ta tsaya a wurin to roba ce, Injiniya ya ci. In ta ja baya ko da faɗin yatsa biyu ne ka kawo min shi Tudun Wada, zan nemo ramin da kumfar sabulu in toshe, in canza diraya in ja bakyum, kuɗin gas kawai za ka biya.

Injiniya Sale Pantami: In ta ja baya ni zan zo da sikelin, na madam ne na awon fulawa amma yana karanta giram ɗaya-ɗaya.

Oga Habu Mai Firij: Ka zo da shi, in ya yi daidai da hannuna ka bar min shi

Abban Husna: Na sa alamar yanzu, da jan maka, na rubuta kwanan wata a gefe.